Rózsa Péter da Lissafin da Ke Kiran Kansa

Duk ɗalibin da ya taɓa zana bishiyar li'irabi a darasin ginin jimla ya san wata ƙa'ida mai ban mamaki: yankin suna na iya ƙunsar wani yankin suna a cikinsa, na cikin kuma ya ƙunshi wani, har numfashin mai magana ya ƙare alhali ƙa'idar ba ta gaji ba. Mun saba karanta wannan a littattafan Noam Chomsky, har wasu daga cikinmu suna zaton a can aka faro ta. Amma masana lissafi sun riga masana harshe isa wannan wuri da shekaru masu yawa. Littafi na farko a duniya da aka keɓe ɗungurungum ga ƙa'idojin da ke kiran kansu, wata malama ce ta rubuta shi a birnin Budapest na ƙasar Hungari, ya fito a 1951, shekara shida kafin Syntactic Structures. Sunanta Rózsa Péter.

An haife ta a Budapest ranar 17 ga Fabrairu 1905, a gidan Yahudawa, mahaifinta lauya ne. Sunan gidansu a lokacin Politzer. Sai a 1934 ta sauya shi zuwa Péter, kamar yadda Yahudawan Hungari da dama suka ajiye sunayensu masu kama da Jamusanci suka ɗauki na ƙasar. A harshensu sunan gida ake fara kira, don haka a gida Péter Rózsa ake ce mata. Ta shiga jami'ar Budapest a 1922, a wani zamani mai wuya. Ƙasar ta fito daga yaƙin duniya na farko a raunane, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke mata kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta, a wannan shekarar kuma aka kafa dokar da ta ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa da za a karɓa a jami'o'i. Da ilimin sinadarai ta fara. Darussan wasu manyan malamai biyu, Lipót Fejér da József Kürschák, su suka janye ta zuwa lissafi. A cikin abokan karatunta akwai wani saurayi mai suna László Kalmár, wanda daga baya ya zama jigo a ilimin manɗiƙi da na kwamfuta a Hungari, ya kuma kasance abokin shawararta har ƙarshen rayuwa.

Ta gama a 1927, ba ta sami aiki na dindindin ba. Shekara goma sha takwas ta yi tana koyar da yara a gidajen iyayensu, tana cike gurbin malamai a makarantun sakandare in an samu. A farkon wannan lokaci ta gamu da abin da ke karya gwiwar matashin mai bincike: ta yi aiki tuƙuru a kan wata matsala ta ilimin lambobi, ta kai ga sakamako, sai ta tarar masana a Amurka sun riga sun buga shi. Ta janye daga lissafi na wani lokaci, ta koma ga rubuta waƙoƙi da fassara su daga Jamusanci. Kalmár ne ya dawo da ita, ta hanyar nuna mata maƙalar da Kurt Gödel ya buga a 1931, wadda ta tabbatar cewa duk tsarin lissafi mai ƙarfi da ba ya saɓa wa kansa yana ɗauke da maganganun da ba ya iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Yawancin masu karatu sakamakon ne ya ɗauke musu hankali. Ita kuwa kayan aikin da Gödel ya yi amfani da su ta tsaya ta duba, wato wasu ƙa'idoji da ake bayyana su da kansu, ta ga cewa sun cancanci a nazarce su a karan kansu, a jera irinsu, a san ƙarfin kowane iri. A 1932 ta gabatar da wannan ra'ayi a babban taron masana lissafi na duniya da aka yi a Zurik. A 1935 ta sami digirin dakta da yabo mafi girma, a 1937 kuma aka sa ta cikin masu taimaka wa editocin Journal of Symbolic Logic, duk tana malamar haya.

Kafin mu ci gaba da labarinta ya kamata mu san abin da take nazari, domin in ba haka ba, rayuwarta za ta zama jerin shekaru kawai. Ƙa'ida mai kiran kanta sassa biyu gare ta. Na farko shi ne matsaya, wato wuri mafi ƙanƙanta da ake ba da amsa kai tsaye ba tare da tambayar kowa ba. Na biyu shi ne mataki, wanda ke cewa: domin samun amsar wannan, nemi amsar wanda ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, ka yi mata ƙari kaza. Richard Dedekind ya bayyana tarawa da ninkawa ta wannan hanya tun 1888, Thoralf Skolem ya gina lissafi a kanta a 1923. Wannan nau'i mafi sauƙi, wanda kowane mataki ke dogara ga wanda ya gabace shi kaɗai, Péter ce ta raɗa masa sunan da ake kiransa da shi har yau a harsunan Turai, suna mai ma'anar na farko ko na tushe. Mu kira shi kiran-kai na tushe.

Ga misali daga harshenmu, wanda ni na zaɓa, ba daga littafinta ya fito ba. A ɗauki wannan yanki: igiyar gugan rijiyar garin sarki. A ce muna son rubuta wa kwamfuta umarnin da zai karɓi irin wannan yanki ya maido mana da jerin sunayen da ke ciki, kowane tare da jinsinsa kamar yadda ɗafin nasaba ya nuna. Matsaya ita ce: in yankin kalma guda ce babu ɗafi, a maido da jeri mai ɗauke da ita kaɗai. Mataki kuma: in akwai ɗafi, a cire kalmar farko a riƙe, a miƙa wa umarnin nan dai sauran yankin, a jira jerin da zai maido, a sa kalmar da aka riƙe a gabansa, a maido da sabon jerin. To, kira na farko ya riƙe igiya, ya tura gugan rijiyar garin sarki. Na biyu ya riƙe guga, na uku rijiya, na huɗu gari. Har zuwa nan babu jeri ko ɗaya, kira huɗu ne ke tsaye kowane da kalmarsa a hannu yana jira. Na biyar ya tarar da sarki shi kaɗai, ya maido da jeri mai abu guda. Daga nan aikin ya juyo: na huɗu ya karɓa ya ƙara gari, namiji, ya miƙa sama, na uku ya ƙara rijiya, mace, na biyu guga, namiji, na farko igiya, mace. Jerin da ya fito yana bin tsarin yankin daga hagu zuwa dama, amma daga dama aka gina shi, a hanyar dawowa. (Wanda ya tashi a Tawa ko Maraɗi zai lura cewa a bakin mutane ɗafin mace yakan saje da baƙin da ke binsa, a ji igiyag guga, don haka umarnin da aka rubuta wa daidaitacciyar Hausa zai yi tuntuɓe a kan maganar kasuwa. Wannan matsalar tamu ce, ba ta lissafi ba.)

A wannan hanyar dawowa ce masu koyon tsara umarnin kwamfuta suka fi kuskure. Wani ya kira umarnin a kan sauran yankin, ya manta bai karɓi abin da ya maido ba, sai jerin ya ɓace tsakanin kira da kira, a ƙarshe ya sami kalma guda ko ya tashi hannu wofi. Wani ya sa matsayar ta maido da kalmar tsirara maimakon jeri mai ɗauke da ita, sai kiran da ke sama ya rasa inda zai yi ƙari. Wani kuma ya ajiye jeri guda a waje kowane kira yana zuba masa, abin ya yi kyau a gwajin farko, a na biyu ya tarar da kalmomin jimlar jiya a cikin ta yau. Tushen kurakuran nan ɗaya ne: ba a tsayar da irin abin da kowane kira ya yi alkawarin maidowa ba. Masanin lissafi irin Péter ba ya samun damar yin wannan sakaci, domin a wurinsa ƙa'ida ba ta da wani aiki illa ta ba da ƙima, kuma ƙimar mataki ba ta samuwa sai daga ƙimar da aka maido daga ƙasa.

Tambayar da ta sa ta yi suna ta taso daga nan. Akwai ƙa'idojin da amsar wanda ya gabata kaɗai ba ta isar su, sai sun waiwayi amsoshin baya duka. Masu nazarin ginin jimla sun san ɗaya, ko da ba su san sunanta ba. Kowa ya san harshen damo da ke cikin mahaifin Ali da Musa: ko mutum ɗaya ne da ya haifi yara biyu, ko mutum biyu ne, mahaifin Ali da kuma Musa. Bambancin yana ga inda aka raba yankin. To, bishiya nawa mai reshe biyu-biyu za a iya zanawa a kan kalmomi kaza? A kan kalma ɗaya, guda. A kan biyu, guda. A kan uku, biyu. A kan huɗu, biyar. A kan kalma biyar sai a duba duk wuraren da za a iya yin rabon farko: ɗaya da huɗu, biyu da uku, uku da biyu, huɗu da ɗaya. A kowane rabo a ninka adadin bishiyoyin hagu da na dama, a tara: 5 da 2 da 2 da 5, wato 14. Kalma shida na ba da 42, bakwai 132, goma 4 862. Domin samun kowace amsa ana bukatar dukan waɗanda suka gabace ta. A ido, wannan ya fi kiran-kai na tushe ƙarfi, tun da shi mataki guda kawai yake gani a bayansa.

A maƙalarta ta 1934 a mujallar Mathematische Annalen, Péter ta nuna cewa bai fi shi ba. Dabarar ita ce a daina neman amsar kai tsaye, a kafa wata ƙa'ida ta biyu wadda abin da take maidowa shi ne tarihin amsoshin duka. Tarihin mataki na biyar shi ne tarihin mataki na huɗu da ƙarin abu guda a ƙarshensa, kuma wannan abu guda ana iya lissafa shi daga tarihin na huɗun. Ke nan ƙa'idar tarihi mataki guda take waiwaya, ta zama ta tushe, amsar da ake nema kuma ita ce abu na ƙarshe a cikin abin da ta maido. Mai tsara umarnin kwamfuta a yau zai ce ai wannan umarni ne mai gina jeri ya maido da shi, kuma daidai ya faɗa. Sai dai a 1934 babu kwamfuta, ƙa'idojin lissafin kuma lamba suke karɓa, lamba suke bayarwa, ba su san jeri ba. Dole a cusa jerin cikin lamba guda. Hanyar ita ce ta lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya da kansu, 2, 3, 5, 7 da sauransu, wadda Gödel ma ya bi: a ba kowane gurbi na jerin lamba ɗaya daga cikinsu, a ninka ta da kanta gwargwadon abin da ke gurbin. Jerinmu na 1, 1, 2, 5 zai zama 2 sau ɗaya, 3 sau ɗaya, 5 sau biyu, 7 sau biyar, a ninka su duka: 2 sau 3 sau 25 sau 16 807, wato 2 521 050. Tun da kowace lamba hanya guda ce take rarrabuwa zuwa marasa rabuwa, duk wanda aka ba 2 521 050 zai iya kwance ta ya fito da jerin daidai, ba ragi ba ƙari. Babu mai hankalin da zai sa kwamfuta ta ajiye jeri haka, domin lambar tana kumbura fiye da kima tun daga gurbi na shida ko na bakwai. Ba sauri Péter take nema ba. Abin da take son tabbatarwa shi ne waiwayen tarihi bai ƙara wa kiran-kai wani iko ba, muddin an yarda abin da ake maidowa ya ɗauki kayansa a ka.

Ta bi sauran nau'o'in ɗaya bayan ɗaya da irin wannan haƙuri. Ta nuna cewa ƙa'idar da ke cusa kiran kanta a cikin wani kiran kanta ita ma tana komawa ta tushe, in dai a kan lamba guda ake saukowa. Amma in aka haɗa wannan cusawa da saukowa a kan lambobi biyu a lokaci ɗaya, an fita daga da'irar. Wilhelm Ackermann, almajirin David Hilbert, ya riga ya buga misalin haka a 1928 da wata ƙa'ida mai karɓar lambobi uku. A 1935 Péter ta sauƙaƙa ta zuwa biyu, kuma siffar da ake koyarwa a yau, bayan ɗan gyaran da Raphael Robinson ya ƙara, tana ɗauke da sunanta tare da na Ackermann. Layi uku ne kacal, babu wani aiki a ciki sai ƙara ɗaya. In aka ba ta 2 da 3 ta ba da 9, in 3 da 3 ta ba da 61, in 4 da 1 ta ba da 65 533, in kuwa 4 da 2 ne, amsar lamba ce mai tsawon alƙaluma 19 729. A 1936 ta ƙara nuna cewa duk lokacin da aka ƙara yawan lambobin da ake saukowa a kansu, ana samun ƙa'idojin da matakin ƙasa bai iya kaiwa gare su, wato tsani ne mai hawa-hawa. Mai karatun da ya san jeren nau'o'in nahawu huɗu da Chomsky ya tsara a shekarun 1950 zai gane irin tunanin: a tambayi kowace siffar ƙa'ida iyakar abin da take iya haifarwa, a nemi misalin da ya gagare ta. Ba na cewa Chomsky daga gare ta ya ɗauka. Ƙa'idojinsa na sake rubutu sun fi kusa da aikin Emil Post. Amma gida ɗaya ne, kuma ita tana cikin waɗanda suka share shi.

A 1939 dokokin wariya da gwamnatin Hungari ta kafa a kan Yahudawa suka hana ta koyarwa. A Maris 1944 sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, a ƙarshen shekarar aka tattara Yahudawan Budapest a wata unguwa da aka killace, ita ma aka tsare ta a can na wani lokaci, kafin sojojin Tarayyar Sobiyat su buɗe unguwar a Janairu 1945. Ta rasa ɗan'uwanta da abokai da dama, cikinsu har masana lissafi. A shekarun nan da aka raba ta da aji ne ta rubuta littafin da ya fi dukan littattafanta yaɗuwa, Játék a végtelennel, wato wasa da abin da ba shi da iyaka. Ya samo asali daga wasiƙun da take rubuta wa abokinta Marcell Benedek, masanin adabi, wanda yake son fahimtar lissafi amma alamominsa suna korar sa. Ta faro daga ƙirga da yatsu, ta bi da mai karatu sannu a hankali har zuwa sakamakon Gödel, kusan ba tare da alamomi ba. Ta kammala shi a 1943, ruwan bama-bamai ya lalata kwafi da yawa, bai isa hannun jama'a ba sai bayan yaƙi. Daga baya an fassara shi zuwa harsuna fiye da goma.

A 1945, tana da shekara 40, ta sami aikinta na farko na dindindin a kwalejin horon malamai ta Budapest. Shekaru goma da ta yi a can su ne mafi albarka. Ta rubuta littafin lissafi na sakandare tare da Tibor Gallai, ta kuma tattara aikin shekara ashirin a Rekursive Funktionen, da Jamusanci, a 1951, shekarar da aka ba ta kyautar Kossuth. Stephen Kleene, wanda littafinsa na manɗiƙi ya fito shekara guda bayan nata, ya sa ta a gaban duk waɗanda suka yi aiki a kan wannan reshe na ilimin. A 1952 ta zama mace ta farko a Hungari da ta sami babban digirin dakta na cibiyar kimiyya a fannin lissafi. Da aka rufe kwalejin a 1955 ta koma jami'ar da ta yi karatu, wadda a lokacin ta koma Eötvös Loránd, ta zama farfesa. Ɗalibanta Rózsa néni suke kiranta, kamar a ce Gwaggo Roza.

Akwai wani hali nata da nake ganin ya kamata ɗalibi ya lura da shi. A tsakiyar shekarun 1930 Gödel, Kleene, Alonzo Church da Alan Turing sun faɗaɗa ma'anar kiran-kai har ta ƙunshi duk abin da ake iya lissafawa ta bin ƙa'ida, kuma hankalin duniya ya koma can. Péter ta san wannan aiki sarai, ta ba shi wuri a littafinta, amma ba ta bar ƙananan nau'o'inta ba, waɗanda ake da tabbacin za su kai matsaya. A wani taro a Amsterdam a 1957 ta nuna shakkarta a fili: babbar ma'anar tana cewa ƙa'ida mai lissafuwa ce in akwai hanyar da za ta kai ga amsa, to wannan "akwai" ɗin da wace ma'ana? In ana nufin akwai wadda za a iya ginawa, an yi amfani da abin da ake son bayyanawa wajen bayyana shi. Mace ce da ta ƙare rayuwarta a kan bayanai masu komawa kansu, don haka ta fi kowa sanin bambanci tsakanin komawar da ke saukowa zuwa matsaya da wadda ke zagaye a wuri guda. Mu ma a fanninmu muna yawan jefa kalmar kiran-kai a muhawara, musamman tun bayan da Hauser, Chomsky da Fitch suka ce a 2002 wataƙila ita ce abin da ya keɓanta harshen ɗan Adam, Daniel Everett kuma ya musa da harshen Pirahã a 2005, ba tare da kowane lokaci mun fayyace ko ƙa'idar muke nufi ko ginin da ta haifar ba.

Daga tsakiyar shekarun 1950 ta juya ga kwamfuta, kuma a nan aikinta ya matso kusa da namu. Harshen Fortran na farko bai yarda umarni ya kira kansa ba. A 1960 John McCarthy ya buga bayanin harshen Lisp, wanda kusan komai a cikinsa jeri ne da ake ginawa ta kiran-kai, a wannan shekarar kuma Algol 60 ya fito da izinin haka, Edsger Dijkstra ya bayyana yadda na'ura za ta riƙe kiraye-kirayen da ke jira a tari, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, kamar ƙoren da aka jera ɗaya cikin ɗaya. Kalmomi huɗun nan da muka bari a hannun masu jira, igiya da guga da rijiya da gari, a wannan tari suke zama. Péter ta riga ta nuna a 1958 yadda zanen tafiyar umarni yake daidaita da ƙa'idojin kiran-kai. A 1959, a wani taro a Warso, ta gabatar da abin da nake ɗauka shi ne mafi amfani gare mu: ta cire ilimin daga kan lambobi ta ɗora shi a kan duk wani abu da ake ginawa daga ƙananan sassa ta hanya guda tak, kamar kalmomin da aka jera daga haruffa, ko ginin da ke da rassa. A lamba, wanda ya gabata guda ne. A bishiya kuwa waɗanda suka gabata su ne rassanta, kiran-kai sai ya sauka ta kowane reshe, ya dawo da abin da ya samo, a haɗa. Da wannan ba a bukatar cusa jeri cikin 2 521 050 kuma. Jerin kansa ya zama abin da ƙa'ida ke karɓa ta maido. Ta yi amfani da wannan wajen nazarin nahawun harsunan kwamfuta da kuma nahawun lissafi irin wanda masana harshe suke tsarawa.

A 1973 aka zaɓe ta cikin cibiyar kimiyya ta Hungari, mace ta farko masaniyar lissafi da ta shiga. Ta yi ritaya a 1975, amma ba ta bar zuwa makarantu tana yi wa malamai da yara bayani ba, domin gyaran koyar da lissafi, musamman ga ƴan mata, ya dame ta tun tana malamar haya. Littafinta na ƙarshe, Rekursive Funktionen in der Komputer-Theorie, ya fito a 1976. A cikinsa ta bi Algol 60 da Lisp da nahawu mai hawa biyu na Algol 68, tana nuna cewa abin da masu tsara umarni suke yi da hannu yana da gurbi a cikin jeren nau'o'in da ta fara tsarawa a 1932. Kalmár ya rasu a Agusta na wannan shekarar. Ita kuma ta rasu a Budapest ranar 16 ga Fabrairu 1977, saura kwana ɗaya ta cika shekara 72. An buga fassarar littafin da Ingilishi a 1981.